Tarihin Fitar Ƙarshen Mako da Cin Abinci a Waje a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da al'adar fitar ƙarshen mako a birnin Kano. Na farko shi ne samun wasu ƙayyadaddun kwanaki waɗanda ma'aikaci yake da iko da su bayan aikin albashi. Na biyu kuwa shi ne amincewar jama'a cewa magidanci mai mutunci yana iya biyan kuɗi ya ci abinci a wani wuri wanda ba gidansa ba, ba kuma gidan ɗan'uwa ko aboki ba, ba tare da an yi masa kallon wanda gidansa ya lalace ba. Waɗannan abubuwa biyu ba su zo lokaci guda ba, kuma na biyun ya fi na farkon wuyar samuwa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda kowannensu ya samu gindin zama tun daga ƙarni na 19, tana mai dogaro da abin da matafiya da manazarta suka rubuta, da kuma shaidar da ke cikin harshen Hausa kansa, domin sau da yawa kalma takan riƙe abin da takardun gwamnati ba su damu da rubutawa ba. Za a nuna cewa ra'ayin nan da ya yaɗu, wai Turawa ne suka koya wa Kanawa sayen dafaffen abinci a waje, ba shi da tushe. Abin da Turawa suka kawo shi ne sabon tsarin lissafin kwanaki da kuma sababbin unguwanni.

2.0 Mako da Sati

Sunayen ranakun mako bakwai na Hausa duk daga Larabci aka aro su, kuma a cikinsu Juma'a ce babbar rana. Amma Juma'a ranar taro ce ta ado da gaisuwa, ba a san ta da rufe sana'a baki ɗaya ba. Maƙeri da baduku da marini sukan tashi su je masallaci su dawo. Waɗanda suke da tabbataccen hutu na mako-mako su ne almajirai, domin makarantun allo suna hutawa ranakun Alhamis da Juma'a, su koma karatu da Asabar. Ke nan, a tsohon lissafi Asabar farkon aiki ce. A karkara kuwa ranar kasuwa ita ce ke raba mako, kuma ita ce ranar da ake cin tsire, a sha fura, a ga dangi, 'yammata su yi kwalliya. Sunayen garuruwa irin su Lahadin Makole da Larabar Abasawa a ƙasar Kano, da Talatar Mafara a Zamfara, suna nuna yadda rana da kasuwa suka zama abu ɗaya a tunanin mutane.

Kalmar sati ta shigo ne daga sunan ranar Asabar na Ingilishi, sa'annan ma'anarta ta faɗaɗa ta rufe kwana bakwai ɗin gaba ɗaya, har ta zama kishiyar mako. Wannan ƙaramin aro yana ɗauke da babban labari. Ranar da ta zame wa lebura da ɗan aike da kuku iyakar aikin Bature ita ce ta ba da sunanta ga dukan makon. Shi kuwa furucin ƙarshen mako fassara ce kai tsaye, wadda gidajen rediyo da jaridu suka yaɗa. Ba za a ji shi a tatsuniya ko karin magana ba.

3.0 Abinci da Yawo Kafin Zuwan Turawa

Hugh Clapperton ya isa Kano a watan Janairu na 1824, kuma bayanin da ya bari game da kasuwar birni yana da matuƙar amfani a nan. Ya ambaci cewa kusa da mahauta akwai wuraren sayar da gasasshen nama a fili, inda akan hura wuta a kewaye ta da tsinkayen da aka jera wa ƙananan yankan nama da kitse, masu saye suna tsugune, wata mace tana raba musu, a gefe kuma ana sayar da abin sha na gero. Duk wanda ya san tukubar mai tsire zai gane abin da Clapperton ya gani, shekara 79 kafin sojojin Ingila su ci Kano. Abin lura guda ɗaya shi ne mace ce take rabon, alhali a yau tsire sana'ar maza ce zalla.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, su wa suke ci a irin wannan wuri? Birnin da fatake da madugai da 'yan koli suke shiga kullum dole ne ya ciyar da baƙi, kuma mai masauki ba ya iya ɗaukar nauyin kowa. Saboda haka masu cin abincin kasuwa su ne baƙo da ɗan ƙauyen da ya zo cin kasuwa da ɗan dako da almajiri da gwauro. Magidancin birni yana da tsarinsa na dabam, wato ciyayya: bayan sallar magariba ko ta lisha kowane gida ya fito da akushinsa zaure ko ƙofar gida, maƙwabta su haɗu su ci tare. Ta haka ake gane gidan da ya shiga matsi ba tare da an tambaya ba, ta haka kuma ake auna hannun matar kowa. Mutumin da yake da mata ya je ya tsuguna gaban mai tuwo-tuwo ya tona asirin gidansa ke nan, domin za a ce ko dai ya kasa cefane, ko kuwa ya ƙaurace wa girkin iyalinsa. Wasan da ake yi wa gwauraye a lokacin tashe a Kano, ƙarƙashin jagorancin Nalako, ya ginu ne a kan wannan fahimta, cewa wanda ba shi da mai dafa masa bai cika mutum ba tukuna.

Wannan bai hana cinikin dafaffen abinci bunƙasa a cikin birni ba, sai dai ya sauya masa hanya. Matan kulle suna dafa waina da ƙosai da ɗanwake da dambu da alala a cikin gida, yara suna ɗauka su kai talla. Polly Hill ta kira irin wannan ciniki ɓoyayyen kasuwanci a wani nazari da ta buga a 1969, Enid Schildkrout kuma ta nazarci rawar da yaran Kano suke takawa a cikinsa a shekarun 1970. A wasu gidaje ma ba a ɗora tukunyar rana, kuɗi maigida yake bayarwa kowa ya sayi abin da yake so daga 'yan talla. Ashe dai abincin saye tsohon abu ne, amma shi ne yake zuwa wurin mai ci. Ko gurasa da alkaki da alkubus, waɗanda ake dangantawa da Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna a Dandalin Turawa, ta wannan hanya suka bazu. A tuna cewa kalmar Bature da farko Balarabe take nufi.

Fita don nishaɗi kuwa tana da nata asali a fada. Kilisa, wato hawan doki don motsa shi da shan iska, abin sarakuna ne da attajirai. Sarakunan Kano suna da gidaje a wajen ganuwa inda sukan je su huta ko su duba gandu, kamar Fanisau da Ɗorayi. A Fanisau ne ma Clapperton ya gana da Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Hawan Ɗorayi da Hawan Fanisau da ake yi a ƙarshen bukukuwan Sallah ragowar wannan al'ada ne: a fita bayan gari da safe, a yini, a ci abinci a can, a dawo da yamma. Talaka shi ma yana da ranakunsa, irin su yawon Sallah da hawan Dutsen Dala ranar Takutaha, amma waɗannan na shekara-shekara ne.

Ya dace a dakata kaɗan a kan kalmar yawo. Idan aka tattara kalmomin da take haɗuwa da su za a ga yawancinsu na suka ne: yawon banza, yawon duniya, yawon dandi, yawon ta zubar. Waɗanda al'umma ta yarda da su kuwa duk suna da dalili a liƙe, kamar yawon Sallah da yawon arba'in na mai jego. Bahaushe bai saba da fitar da ba ta da uzuri ba. Shi ya sa da buƙatar ambaton sabuwar al'ada ta taso sai aka nemi kalmomi masu laushi, aka ce shan iska, aka ce shaƙatawa, daga bisani aka ƙirƙiro yawon buɗe ido, wanda ya ba wa yawon hujjar neman sani.

4.0 Nasarawa da Sabon Gari

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Cikin 'yan shekaru aka sami gari uku a wuri ɗaya. Akwai birni a ƙarƙashin Sarki da alƙalai. Akwai unguwar Turawa a Nasarawa da Bompai, wadda dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a raba ta da mazaunin baƙar fata da fili mai faɗin yadi 440. Sai kuma Sabon Gari, wanda aka kafa a wajajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, sun zauna a tsakani, wajen Fagge da Kantin Kwari.

A waɗannan sababbin unguwanni ne ƙarshen mako ya fara zama abin da ake jira. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani yakan tashi da tsakar rana ranar Asabar, ya huta Lahadi. Turawa suna da kulob ɗinsu da filin sukuwa da wasan folo. Mutanen Sabon Gari suna da coci da safiyar Lahadi, da tarurrukan ƙungiyoyin garuruwansu da yamma, da gidajen rawa da daddare. Tun da doka ta hana sayar wa 'yan asalin Arewa barasar Turawa, birni kuma yana ƙarƙashin hukuncin alƙali, sai mashaya suka taru a Sabon Gari. Daga nan ne kalmar otal ta sami tabon da har yau bai goge ba. A bakin Bakano, a ce an ga wane a otal ba ya nufin an gan shi yana cin shinkafa. Saboda haka ne masu sayar da abinci zalla suka fi son a kira wurinsu gidan abinci.

Silima ita ce ta fara jawo samarin birni zuwa fitar dare ta biyan kuɗi. An buɗe Rex a Sabon Gari a 1937, wani Kwara ne ya gina ta, ba ta da rufi, kuma akwai mashaya a haɗe da ita. Malamai sun yi suka, jama'a suka laƙaba wa abin sunan dodon bango. Da silimar El Duniya ta kama wuta a 1951, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin hukunci. Duk da haka a 1952 aka buɗe Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, kuma, kamar yadda Brian Larkin ya nuna daga takardun 'yan sanda na lokacin, matasa sun riƙa jifan masu shiga. Ƙyamar ba ta hana kasuwa ba, musamman bayan da finafinan Indiya suka sami karɓuwa daga shekarun 1950. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne abin da ya taru a ƙofar silima: mai tsire da mai balangu da mai rake da mai shayi da burodi. Teburin mai shayi ya zama wuri na farko da saurayi ɗan birni zai zauna a kan benci ya ci abin da ya saya a idon jama'a ba tare da jin kunya ba. Matar aure kuwa ba ta da wuri a wannan fita ko kaɗan, domin duk macen da aka gani a silima an riga an yanke mata hukunci.

5.0 Zamanin Audu Baƙo da Kuɗin Mai

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya mulke ta har zuwa 1975. A zamaninsa ne gwamnati ta fara gina wuraren da aka yi niyya magidanci ya je da iyalinsa. An buɗe gidan adana namun daji a farkon shekarun 1970, wanda jama'a suka sa wa suna Gidan Zu, har titin da ya bi ta gabansa ya ɗauki sunan. An datse ruwa a Bagauda aka gina masauki a bakin tafkin. An kammala madatsar Tiga a 1974, kimanin kilomita 70 kudu da birni, aka kuma gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa. Babbar manufar madatsun ita ce noman rani, kuma shinkafar Kura da tumatirin Kadawa shaida ne cewa wannan manufa ta cika. Shaƙatawa ƙari ce da aka ɗora a kai.

An yi sa'a waɗannan gine-gine sun zo daidai da lokacin da aljihun ma'aikata ya cika. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975 tare da bashin watannin baya, ya sa malamin makaranta da akawu suka sayi babur da rediyo, manya kuma suka sayi mota. A shekarar ce aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, waɗanda Hausawa suka kira Fijo. Da aka daina aikin rabin yini na Asabar a ofisoshin gwamnati, sai ma'aikacin Kano ya sami abin da takwaransa na Ikko bai samu ba, domin ranar Juma'a ma da wuri ake tashi saboda masallaci. Hutunsa ya kama daga azahar ɗin Juma'a zuwa daren Lahadi, wato tsohuwar babbar rana da sabon ƙarshen mako sun haɗe. Ɗaurin aure da suna da tarurrukan dangi duk suka fara komawa waɗannan kwanaki, kalmomi irin su fati da dina da fikinik suka shigo bakin 'yan boko, daga nan suka shiga littattafan soyayya da aka yi ta bugawa a Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980.

Sai dai kada a zuzuta girman wannan sauyi. Zuwa Bagauda ko Tiga yana buƙatar mota da mai da kuɗin ɗaki, saboda haka ya tsaya ga manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da Kwarori da Turawan kamfanoni da ɗaliban da makarantunsu suka kai su. Wurin da ya shiga rayuwar talaka shi ne Gidan Zu, domin yana kusa, kuɗin shiga kaɗan ne, kuma uba yana iya cewa yara ya kai su ga zaki. Ko shi ɗin ma ba ya cika maƙil sai da Sallah. Wato jama'a sun karɓi sabon wuri, amma sun sa shi a cikin tsohuwar kalandarsu. Masu tsara manufofi sun yi kuskuren zaton gini kaɗai zai haifar da al'ada, kuma da kuɗin mai ya ja baya sai aka rasa masu biyan kuɗin da za su riƙe wuraren. Masaukin Bagauda ya ƙare a matsayin reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya tun farkon shekarun 2000.

6.0 Daga 1986 Zuwa Yau

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar albashi, kuma wani abin mamaki shi ne ya ƙara yawan masu cin abinci a waje. Birni ya faɗaɗa, wurin aiki ya yi nisa da gida, kuɗin mota ya hana komawa cin abincin rana. Ma'aikacin da mahaifinsa ba zai taɓa zama gaban mai abinci ba ya sami kansa yana yin haka kullum, larura ta kashe kunyar. Taliyar Indomie, wadda aka fara sarrafawa a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, ta mayar da teburin mai shayi cikakken wurin cin abincin dare. Ciyayya kuwa ta ja baya a sababbin unguwanni inda gidaje ba su da zaure, majalisar abokai ta gaji wani ɓangare na aikinta.

Ƙaddamar da shari'a a jihar a 2000, da kafa hukumar tace finafinai a 2001 da ta Hisba a 2003, sun ƙuntata wa mashaya da gidajen kallo, waɗanda dama kaset ɗin bidiyo ya riga ya rage musu kasuwa. Hare-haren 20 ga Janairu 2012, waɗanda suka hallaka fiye da mutum 180, da dokar hana fita da ta biyo baya, da hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, da tashin bama-bamai a wuraren shaƙatawa na Sabon Gari a watan Yuli na shekarar, sun kusa kashe fitar dare na wani lokaci. Da ƙura ta lafa, irin wurin da ya bunƙasa shi ne gidan abinci mai haske, marar barasa, mai wurin sallah da wurin wasan yara, inda ake sayar da gasasshiyar kaza da shawarma da askirim. Irin wannan wuri ne ya warware matsalar da ta faro tun zamanin Rex, domin a nan ne matar aure ta sami damar zama da mijinta da 'ya'yanta a ci abinci a bainar jama'a, har ma ya zama abin da amarya take sa rai da shi. Rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014 ya zama wurin yawon Sallah na sabon zamani, ko da yake babban kantin Shoprite da ya fi jan jama'a zuwa can ya rufe a watan Janairu na 2024.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata masu nazarin harsunan Nijeriya su dubi tafiyarsu. Bukka a Hausa ɗan ɗaki ne na kara ko ciyawa. Ta shiga Yarbanci da Ingilishin Nijeriya da ma'anar wurin sayar da abinci mai araha, har ƙamusun Oxford ya shigar da ita a 2020, yana mai danganta ta da Hausa da Yarbanci. Suya kuwa a Hausa sunan aiki ne daga soya, kuma Bakano ba ya kiran naman da aka gasa a tsinke da ƙuli-ƙuli suya, tsire yake cewa, ya kuma bambanta shi da balangu da kilishi. Mahautan da suka bi hanyar jirgi da ta shanu zuwa Sabo a Badun da Obalende a Ikko su ne suka kai sana'ar Kudu, a can ne kalmar suya ta zama sunan naman, ta kuma zama alamar fitar daren Asabar ga mutanen da ba su jin Hausa. Ƙamusun Oxford ya karɓe ta da wannan ma'ana a sabuntawar da aka bayyana a farkon 2025. A yanzu kalmar ta dawo gida da sabuwar ma'anarta, ana ganin ta a allunan manyan wuraren gashi a Nasarawa da titin Gidan Zu, alhali mai saye idan ya matsa kusa da tukuba tsire ko balangu yake tambaya.